Harafi Biyu a Bakin Taga

Saura mako uku a rufe karɓar takardun neman shiga karatun masta na gano cewa a idon hukuma ni mutum biyu ne. A takardar haihuwata da ta jarrabawar bak, sunana ne a gaba, na mahaifina yana biye, kuma an rubuta nasa da harafin c. A takardar sakamakon lisans kuwa, wadda muke kira ralabe, sunan mahaifina ya dawo gaba, c ta koma k, wasalin farko kuma ya faɗi. Shekara uku ina karɓar takardu masu ɗauke da wannan suna ban taɓa kula ba, domin idona kan maki yake tsayawa. Wanda ya duba dosiyena ya turo mini shi, ya ce sai takardun sun zo daidai da juna, in ba haka ba sai baɗi.

Baɗi kalma ce mai sauƙin faɗa. A gidanmu da ke Sabon Gari, a Maraɗi, tana nufin shekara guda ta zaman jira, ba karatu ba aiki. Mahaifina mutumin Tibiri ne, ya rasu ina ajin ƙarshe na kwaleji. Mahaifiyata ƴar Jiratawa ce, kuma da cinikin zogalen da ƴan'uwanta ke aiko mata daga lambunan can ta riƙe mu. Da na gaya mata dole in koma garin da na yi lisans a gyara suna, ba ta ce komai ba. Washegari ta sa aka kai tunkiyarta kasuwa, ta ƙirgo mini kuɗin mota da na guzuri. Abin da ta tambaya kawai shi ne: "Sunan wa suka ɓata, naka ko na babanka?"

Ba zan kama sunan jami'ar ba, domin abin da ya same ni yana iya faruwa a kowace. Abin da nake so in rubuta a kai shi ne ma'aikata biyu da na tarar a ofishi ɗaya, kowannensu an yi masa horo, ɗaya ya kasa taimakona, ɗaya ta warware matsalar cikin kwana biyu. Tun lokacin nake tambayar kaina abin da ya bambanta horon nasu, kuma amsar da na samu ta fi kusa da fanninmu na nazarin harshe fiye da yadda na zata.

Ya kamata a fara da asalin ciwon. Sunayenmu da bakin Hausa ake raɗa su, amma da alƙalamin Faransanci ake rubuta su. Wasalin u ya zama ou, c ta zama tch, j ta zama dj, lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ kuma ta ɓace. Shi ya sa Jiratawa ta zama Djirataoua a wasu takardu, Djiratawa a wasu, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Tasawa ta zama Tessaoua, Maraɗi kanta ta rasa lanƙwasarta. Suna ɗaya kamar Muhammadu yana fitowa a matsayin Mahamadou, Mohamed, Mahamane ko Mamane, gwargwadon kunnen wanda ya fara rubuta shi. An yi taron masana a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun Hausa da wasu harsunan yankin, kuma Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance a 1999, sai dai rajistar haihuwa da takardun makaranta sun ci gaba da bin tsohuwar hanya. A kan wannan kuma aka ɗora wata matsalar. Takardun hukuma suna da gurbi biyu, nom da prénom, wato sunan zuriya da sunan yanka, alhali Bahaushe ba ya da sunan zuriya irin na Bafaranshe. Sunansa yake da shi, sai na mahaifinsa, wani lokaci da na kakansa. Wanne zai shiga wane gurbi? Kowane magatakarda da irin nasa hukuncin.

Duk wannan nauyi a kan ma'aikacin bakin taga yake sauka, kuma nauyin ya ƙaru ƙwarai a zamaninmu. Shekaru da dama jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun 1992. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. A tsakanin nan kuma aka shigo da tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2007: lisans zango shida da kiredi 180, masta zango huɗu da kiredi 120, kowane zango kiredi 30. A da sau ɗaya ake haɗa sakamako a shekara, yanzu kowane zango da nasa lissafin, kowane darasi da nasa kiredin, ga wanda ya ci, ga wanda zai sake, ga wanda ya wuce da bashi. Idan ana zancen ingancin jami'a, malamai da ɗakunan karatu ake ambata. Da wuya a tuna da waɗanda ke shigar da sunaye da maki, alhali ba ɗalibin da zai fita da shaida sai ta hannunsu.

Na isa ofishin rajistar ɗalibai, wanda kowa ke kira sikolarite, ran Litinin da safe. Wanda ke bakin taga saurayi ne sa'ana, cikin shiga mai tsabta, a bangon da ke bayansa an rataye takardun shaidar halartar horo guda uku cikin gilashi. Dole in faɗi laifina a nan. Ban gaishe shi da Hausa ba, ko da yake na ji yana yin ta da wani. Na zuba masa Faransanci mai nauyi, irin wanda ɗalibi ke yi don a san ya yi karatu. Ya karɓi lambata, ya danna kwamfuta da saurin da ya burge ni, ya juyo allon ya nuna mini. "Haka yake a mashin," in ji shi. Na ce ai abin da ke mashin ɗin ne kuskure. Ya yi shiru, sannan ya ce in dawo gobe. Na dawo Talata, aka ce babu wuta. Na dawo Laraba, ya sake buɗe mini shafin nan, ya sake cewa haka yake. Guzurina ya fara ƙarewa, ina kwana a ɗakin wani abokina, kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ji tsoron mahaifiyata ce.

Ran Alhamis na ɗaga murya. Wata dattijuwa da ke zaune a teburin ciki, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ɗago kai ta ce: "Ɗana, zagayo ta ƙofa." Ta nuna mini kujera, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi daga inda na fito da lafiyar mutanen gida. Sannan ta ce: "Ajiye takardun tukuna. Faɗa mini sunanka yadda mahaifiyarka ke kiranka, da sunan mahaifinka yadda ake kiransa a unguwa." Na faɗa. Ta rubuta su a gefen takarda, ta jera takarduna bisa shekarun da aka ba da su, tana bin su da yatsa har ta iso inda sunan ya fara canzawa. Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da dosiyen da na cika da hannuna a shekarar farko. Sunan daidai yake a ciki. Ashe lokacin da aka kwashe sunaye daga takarda zuwa kwamfuta ne harafi ya sauya, gurbi ya juya.

"Ka gode Allah," in ji ta, "kuskuren namu ne, a nan gidan za a gyara. Da tsakanin takardar haihuwa da ta bak ne, da sai ka je kotu an ba ka shaidar cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne." Ta faɗa mini abin da zan rubuta a takardar roƙo, da wanda zan rubuta wa, da kwafin da zan haɗa, da ƙofar da zan kai, da ranar da mai sa hannu yake zama. Kafin a buga sabuwar takardar ta kira ni, ta karanta mini sunan harafi bayan harafi, ta ce in amsa kowanne. Ran Asabar ina cikin mota.

Kafin in tafi na tambaye ta inda ta koyi wannan aiki. Ta ce a ofishin rajistar haihuwa ta fara aiki, kuma a can aka taɓa yi musu horon mako guda da ba ta manta ba. Mai horon tsofaffin rajistoci masu kurakurai ya kawo, ya ce su nemo inda aka kauce. Sannan ya riƙa haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya zama mutumin ƙauye da ya zo da jariri, ɗaya ya zama magatakarda, su yi da Hausa ko Zabarmanci kamar yadda ake yi a zahiri. Abu uku ya nanata musu: a tambayi mutum da harshen da yake ji, a karanta masa abin da aka rubuta kafin a buga hatimi, kuma kada a sallame shi sai an gaya masa ƙofar da zai nufa. Bayan wata uku mutumin ya dawo ya duba rajistocinsu, shugabansu kuma ya riƙa tambayar su ko sun karanta wa mai takarda.

Saurayin ma na sake haɗuwa da shi, da yamma wurin mai shayi, wannan karon da Hausa muka yi. Na ba shi haƙuri, shi ma ya ba ni. Ya ce horon nan uku duk a kan manhajar kwamfuta aka yi su, a babban zaure, da Faransanci, ana haska hotuna a bango, a ƙarshe a cika takardar ko an gamsu, a karɓi kuɗin zama da takardar shaida. An koya masa yadda ake shigar da suna da yadda ake fito da shi. Ba wanda ya taɓa gaya masa abin da zai yi idan takardu suka saɓa wa juna. Ba shi da izinin taɓa sunan da aka riga aka shigar, bai kuma san tabbas wanda ke da izinin ba. Ya ji labarin ma'aikatan da aka zarga da sauya sunaye don kuɗi, saboda haka duk wanda ya zo da zancen gyaran suna gabansa faɗuwa yake yi. "Dawo gobe" ita ce garkuwar da ta rage masa. Na tashi daga wurin ina jin kunyar irin zagin da na yi masa a zuci kwana uku.

Da na koma karatu na ga masana harkar horo sun daɗe da sa wa wannan abu suna. Tun 1959 Donald Kirkpatrick ya kasa auna horo zuwa mataki huɗu: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya canza da suka koma, da kuma ko ma'aikatar ta ga sakamako. Takardar gamsuwa da ake cikawa ranar rufewa matakin farko kaɗai take aunawa. A 1988 kuma Timothy Baldwin da Kevin Ford suka nuna cewa komawar abin da aka koya zuwa wurin aiki ta dogara ga abu uku: shi mai koyon, yadda aka tsara horon, da yanayin da zai tarar a ofis, musamman goyon bayan shugaba da damar aikata abin da ya koya. Idan aka ɗora ma'aikatan nan biyu a kan wannan ma'auni, bambancin a fili yake. Horon Hajiya ya yi kama da aikinta, an bi sawunsa, shugabanta kuma ya riƙe shi. Na saurayin ya ba shi gwanintar yatsu, ya bar shi shi kaɗai a gaban mutane. Ba na raina koyon kwamfuta, domin ba don saurinsa ba da layin da ke bakin tagar nan ya ninka. Sai dai rabin aikin aka koya masa.

Ɗaya rabin kuwa magana ce, kuma nan ne fanninmu ya shigo. A littafinsa na 1982 kan dabarun zance, John Gumperz ya ba da labarin wasu mata ƴan asalin Indiya da Pakistan da ke raba abinci a kantin ma'aikatan wani babban filin jirgin sama a Ingila. Ana ta kuka da su cewa ba su da fara'a. Da aka naɗi muryoyinsu sai aka ga idan za su tambayi mutum ko yana son romo, da saukar murya suke faɗin kalmar, alhali Baturen Ingila da hawan murya yake jin tambaya. Abin da su suke nufi tayi, shi yana jin sa kamar an ce ga shi nan, ka ɗauka ko ka bari. Da aka zaunar da ɓangarorin biyu suka saurari faifan tare, suka gane inda saɓanin yake, zaman ya gyaru. Horon da ya yi aiki a can shi ne sauraren abin da ake faɗa a wurin aikin kansa.

A tagoginmu irin wannan saɓani ya fi yawa, domin harshe biyu ne ko fiye suke haɗuwa. Takarda da manhaja da dokoki da Faransanci suke, tambaya da kuka da roƙo kuwa galibi da Hausa ko Zabarmanci suke zuwa. Ma'aikacin tafinta ne duk wuni, ba tare da an taɓa kiransa haka ba, balle a koya masa. Uban da ya taso daga Tibiri don jin abin da ya sa ɗansa bai wuce ba, idan aka ce masa yaron ajourné ne, me ya ji? Yaya za a bayyana masa da Hausa cewa darasi ɗaya yana iya cike giɓin wani, ko cewa yaron ya wuce amma yana ɗauke da bashin kiredi? Ga kuma gaisuwa. Ga Bahaushe, wanda ya shiga buƙata ba sallama ya nuna rashin tarbiyya, wanda aka gaisar ya amsa da "lambarka" kuma ya nuna wulaƙanci. Gaisuwar da Hajiya ta yi mini ba ta kai minti ɗaya ba, amma ita ta sauke ni daga fushi har na iya ba da bayani a tsare. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ofis tana rage kwanakin da dosiye zai yi.

Zancen ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, a bakin taga za a ga gaskiyarsa, kuma a can dole a tuna da ɗalibin da Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci ne harshensa. Idan ba a shirya ma'aikata ba, doka za ta ce abu ɗaya, taga ta ci gaba da yin wani.

Mu ɗaliban nazarin harshe mun iya kuka da sikolarite, amma ban taɓa jin mun kai musu wani abin hannu ba. Alhali akwai ayyukan da ba su fi ƙarfinmu ba. Muna iya tsara takarda ɗaya mai jera sanannun sunaye da siffofin da suke ɗauka a rubutun Faransanci, don magatakarda ya san inda ake yawan zamewa. Muna iya zama da malamanmu mu fito da taƙaitaccen jerin kalmomin LMD da bayaninsu cikin Hausa da Zabarmanci, a gwada su a kan iyaye kafin a buga. Mai neman batun kundin masta yana iya neman izini ya naɗi hirarrakin bakin taga, ya ɓoye sunaye, ya nazarce su, sannan ya koma ya saurare su tare da ma'aikatan kamar yadda Gumperz ya yi. Ga masu shirya horo kuma, roƙona kada a tsaya ga ƙirga mahalarta. A ƙirga takardun da aka dawo da su gyara a zangon da ya biyo baya, da yawan zuwan da ɗalibi ke yi kafin buƙatarsa ta biya. A rubuta a manna a bango wanda ke da izinin gyara me. Kuma a tuna cewa a cikin ofishin kansa akwai irin su Hajiya, waɗanda za su yi ritaya da iliminsu idan ba a zaunar da matasa kusa da su ba. Teburinta da tagar saurayin nan ba su fi taku biyar ba, amma ba wanda ya taɓa ɗora mata koya masa.

Mu ma da namu gyaran. Tun daga ranar nan ba na karɓar takarda sai na karanta sunana kafin in duba maki, kuma ba na isa taga sai da sallama.

Na iso Sabon Gari bayan isha'i, na shigar da dosiyena saura kwana tara a rufe. Mahaifiyata ba ta yi boko ba. Ta karɓi takardar ta juya ta, ta shafa hatimin, sannan ta miƙo mini ta ce in karanta mata wurin sunan. Na karanta nawa, na karanta na mahaifina. Ta ce in sake na biyun. Na sake. Ta ce: "To, yanzu shi ne," ta tashi ta ɗauko mini tuwo.